Igiyar da Inna Ta Hana a Tsallake

Shekarun baya can, lokacin da naira take sabuwa a hannunmu, ina koyarwa a wata firamare a Birnin Gwari. Ban kai talatin ba, ina da babur, ina da agogon hannu, kuma a ganina duk unguwarmu babu wanda ya kama ƙafata a wayewa. A wannan ƙuruciyar ce na tafi Kaduna na sayo garmaho, irin wanda aka haɗa da rediyo a akwati guda. Katakonsa ja ne mai sheƙi, nauyinsa kuwa sai ka yi bismillah kafin ka ɗaga. Na sa kafinta ya yi masa tebur dogo na musamman, na ɗora shi a ɗakina, na rufe shi da farin ƙyalle mai ado. Ko ƙuda ne ya sauka a kansa sai na ji haushi.

Matsalar guda ce, garmahon da lantarki yake aiki, mu kuma ba mu da wutar gwamnati. Maƙwabcinmu mai injin niƙa ne yake da janareta, yana tayar da ita da la'asar sakaliya, ya kashe bayan isha'i. Shi ya ja mana waya ɗaya zuwa zaure, aka rataya ƙwan lantarki. Sai na sayo doguwar waya, na hau kujera na haɗa kanta ɗaya da wayar ƙwan nan. Ɗaya kan kuma na fere shi, na fere wayar da ta fito daga bayan garmaho, na murɗe su tare, na naɗe da baƙin salatif. Shi ke nan, waya ta miƙe a ƙasa daga zaure har ɗakina, ta raba tsakar gida biyu. Ɗakin matata da banɗaki suna ɓangare guda, murhu da rijiya suna ɗaya ɓangaren. Kowa tsallakewa yake yi ya wuce, ban ga wani abin damuwa ba.

A lokacin matata tana da ciki na uku. Biyun farko duk sun zube, na biyun ma har ya fara motsi. Ba ma zancen a tsakaninmu, amma kowa ya san abin da ke ran ɗan'uwansa. Da cikin ya kai wata biyar sai mahaifiyata ta taso daga ƙauyenmu, can wajen Kutemeshi, ta ce za ta zauna da mu har a sauka lafiya.

Inna ta shigo da ƙullin kayanta a ka, ko ruwa ba ta sha ba, idonta ya sauka a kan waya. Ta kira sunana, don ita haka take kirana gatsau, ba ta sakayawa. Ta ce, "Wannan igiyar me aka ɗaure da ita?"

Na yi dariya na ce, "Inna, ba igiya ba ce, waya ce. Wuta ce take bi ta ciki."

Ta ce, "Yarinyar nan tsallake ta take yi?"

Na ce kowa ma tsallakewa yake yi. Ta sauke kayanta a hankali ta ce, "To daga yau ta daina. Mai ciki ba ta tsallake igiya. Cibiya ce take naɗe wuyan ɗa."

Nan fa malamin makaranta ya motsa. Na tsaya na yi wa mahaifiyata darasi kamar ina gaban 'yan aji shida. Na ce igiya da rama ake tufka ta, wannan kuwa jan ƙarfe ne a cikin roba, kuma babu ruwan abin da ke ƙasa da abin da ke cikin mahaifa. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Doguwa ce?" Na ce e. "Tana lanƙwasuwa?" Na ce e. "Za ta ɗaure akuya?" Na ce za ta ɗaure. Ta ce, "To igiya ce."

Tun daga ranar Inna ta samo wani karan dawa mai ƙwari ta ajiye a gindin bango. Duk sanda matata za ta je murhu ko rijiya, sai Inna ta taso, ta sa kara ta ɗaga waya sama, matata ta sunkuya ta wuce. A yini sai a yi haka sau ashirin. Tsohuwa mai ciwon gwiwa tana tashi tana zama, mai ciki tana sunkuyawa da tulu a hannu, ni kuma ina ɗaki ina juya faifai. In na tuna wannan yanzu kunya takan rufe ni.

Ba wai ban yi ƙoƙari ba, na yi, amma irin na wanda yake so a ce ya yi. Da farko na kafa gora biyu na ɗaga wayar sama. Washegari na dawo daga makaranta na tarar matan maƙwabta da suka shigo ɗiban ruwa sun shanya jiƙaƙƙun zannuwa a kanta, har ta yi ciki ta kusa taɓa ƙasa. Na sauke. Na haƙa 'yar hanya na binne ta. Damina ce, kwana huɗu ruwa ya tone ta, kuma na ga gara ta fara ɗanɗana robar. Na koma kwance salatif kullum da safe in ɗauke wayar, ina sake murɗewa da yamma. Ran nan na makara, mai injin niƙa ya riga ya tayar da janareta ban ji ba, na kama waya da hannu. Abin da ya fizge ni har gwiwar hannu, sai da na yi salati da ƙarfi kaji suka watse. Daga nan na ce na gaji, waya ta zauna inda take.

Rigimar ta fashe wata ranar Laraba. Na shigo gida na tarar da Inna zaune kusa da wayar, ga wuƙar yankan kuɓewa a gefenta. Ta ce ɗazu ta shiga banɗaki, yarinyar nan ta ji tuwo yana ƙauri, ta yi sauri ta manta, ta tsallake. Matata tana bakin ƙofarta tana share hawaye. Inna ta ce, "Ban yanka ba, don ba kayana ba ne. Amma ka zaɓa, ko igiyar nan ta bar tsakar gida, ko ni in bar shi."

Raina ya ɓaci, na faɗi abin da har yau nake nadamarsa. Na ce, "Inna, wannan fa camfi ne na mutanen ƙauye. Kin sa yarinya kuka a kan abin da ba shi da tushe."

Ta ɗauki wuƙarta ta shiga ɗaki.

Da safe na fito zan tafi makaranta, na same ta a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, ƙullin kayanta a ɗaure a gefe. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, ta ce in zauna. Tana ɓara ta jefo mini tambaya.

"Ka taɓa tambayar kanka abin da ya sa nake kiran sunanka?"

Na ce a'a. Gaskiya ban taɓa ba. Kowa ya san uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, kunyarsa take ji, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Ni kuma ni ne babba a ɗakinmu, amma Inna tana kiran sunana tun daga bakin gona har gida, tana tsokanata, tana cin abinci da ni. Na ɗauka halinta ne kawai.

Ta ce, "Ba kai ne na fari ba. Akwai yayanka. Cikinsa yana wata tara na tsallake igiyar jakin babanku a ƙofar gida, ina sauri hadari ya taso. Kakarka ta gani ta yi salati. Da ya zo, cibiya ta zagaye wuyansa sau biyu. Namiji ne, ga gashi baƙi ƙirin. Ko kuka bai yi ba." Ta watsa ɓawon gyaɗa gefe. "Na san Allah ne mai rayawa, Shi ne mai kashewa. Ko igiyar ce, ko ba ita ba ce, ni ban sani ba, ku ne masu karatu. Amma shekara talatin da wani abu ina tambayar kaina, da na zagaya fa? Ba na so yarinyar nan ta ɗauki wannan tambayar. Biyu sun ishe ta."

Ban je makaranta da wuri ba ranar. Na kwance ƙullin kayanta da hannuna na mayar ɗaki, na ce ta yafe mini. Ta ce, "Tashi ka tafi, 'ya'yan mutane suna jiranka."

Abin da ya kamata in yi shi ne in naɗe wayar in haƙura da kiɗa na wata huɗu. Amma ƙuruciya ba ta bar ni ba, sai na ce zan samo dabarar da za ta raba gardama, a riƙa cire waya daga garmaho in an gama, a naɗe ta a mayar zaure. Na shiga kasuwa na sayo fulogi mai haƙora da soket ɗinsa. Na ɗaura fulogin a bakin doguwar wayar da ta taho daga zaure, na ɗaura soket a guntuwar wayar garmaho. In za a ji kiɗa a cusa, in an gama a zare. Na gwada, ya yi. Na dinga yawo a tsakar gida ina jin kaina kamar ni na ƙirƙiro lantarki.

Ranar kasuwa wani abokina ya biyo. Ɗan ƙabilar Gbagyi ne, Kirista, daga wani ƙauye a bakin daji ta hanyar Randagi. Ya yi soja, a can ya koyi gyaran rediyo, da ya dawo sai ya kafa tebur a kasuwa yana gyara. Ni ina ce masa Kofur, shi yana ce mini Ticha. In ya tashi daga kasuwa yakan tsaya a gidana mu ji faifai biyu kafin ya kama hanya. Na ja shi ɗaki ina washe baki, na nuna masa aikina. Janareta tana aiki a lokacin. Na kai hannu zan zare fulogi in nuna masa yadda abin yake, sai ya buge mini hannu, bugu na gaske.

Ya ce, "Ticha, wa ya yi wannan?"

Na ce ni ne.

Ya ce, "Kai da kanka? Kai ne kake koya wa yaranmu?"

Ya kama fulogin ta jikin roba ya zare a hankali. Ya zaro wani ɗan ƙwan gwaji daga aljihu mai wayoyi biyu, ya taɓa haƙoran fulogin da su. Ƙwai ya kama tar. Ya ce, "Ka gani? Wutar tana kan haƙoran nan, a fili, tsirara. Ka zare ka yar a ƙasa, duk wanda ya taka ko ya ɗauka, shi ke nan. Wayar da take ɗauke da wuta, bakinta rami ake sa mata, wutar ta ɓuya a ciki. Haƙora a jikin akwati suke zama, inda babu wuta sai an kawo. Kai ka juya abin. Da igiyar Inna kawai kake da ita a gidan nan, yanzu ka mayar da ita maciji."

Inna tana bakin ƙofa tana jinmu. Ta ce, "Ɗan nan, faɗa masa dai. Ni na faɗa an ce ƙauyanci ne." Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji masu magana, ranar na ga ƙuƙumin a wuyana.

Kofur ya je da kansa ya roƙi mai injin niƙa ya cire layinmu, ya ce kada a mayar sai ya dawo. Ya ce yana da abin da ya dace a gida, in zo Asabar in ɗauke shi.

Asabar da hantsi na hau babur na kama hanyar daji. Damina ta yi nisa, ciyawa ta fi ni tsawo, hanyar kuwa sawun ƙafa ce kawai tsakanin itatuwa. Sau biyu ina sauka ina tura babur a rafi, birai suna kallona daga kan ɗorawa. Na isa wandona jiƙe har cinya. Matarsa ta kawo mini dafaffiyar doya da ruwa, shi kuma ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar butar lantarki duk ta yi tsatsa. Ya ce wani ma'aikacin gandun daji ne ya ba shi da za a yi masa canjin wurin aiki, cikinta ya ƙone, amma mazaunin wayarta lafiya lau. Ya nuna mini. A gindin butar akwai wani ɗan kogo, haƙora suna can ciki a ɓoye. Wayarta kuma tana da kai baƙi mai kauri, da ramuka, yatsa ba ya shiga. Shekara biyu yana ajiye da ita, ya ce rediyon cocinsu ya so ya yi wa aiki da ita.

Na ce to ai ba zan karɓa ba. Ya ce, "Coci ba mai ciki a tsakar gida. Hau mu tafi."

Aikin ya ɗauke shi yini guda. Ya kwance kogon daga jikin buta, ya juya garmahona ya cire murfin baya, ya zana da fensir, ya ɗauko ɗan zarto. Da na ga haƙoran zarto sun shiga jan katakon nan, sai da na kau da kai. Ya ce, "Ticha, in za ka yi kuka fita waje, kada hawaye ya shiga inji." Ya yanke tsohuwar wayar garmaho saura ɗan taƙi, ya ɗora ƙarfen liƙinsa a garwashin Inna har ya yi zafi, ya liƙe wayoyin a bayan haƙoran da dalma, ya ɗaure kogon da kusoshi huɗu. Sannan ya cire fulogina daga doguwar waya, ya jefa mini shi a cinya, ya ɗaura baƙin kan nan mai ramuka a madadinsa.

Na ɗauka an gama, sai na ga ya cusa, ya zare, ya girgiza kai, ya ɗauko magagari yana goge gefen kan a hankali. Na ce ai gara ya kama da ƙarfi. Ya ce a'a. "So nake ya zauna daram in ba a taɓa ba, amma in an ja shi ya saki. Akwatin nan ya fi ƙarfin kan mutum, kuma ka ɗora shi a sama kamar tuta. In wani ya yi tuntuɓe da waya, gara waya ta fita da akwati ya biyo ta."

Da ya gama ya buga ƙusa a bangon zaure, ya naɗe wayar a gwiwar hannunsa, ya je ya durƙusa gaban mahaifiyata ya miƙa mata. Ya ce, "Inna, ga igiyarki. Ke za ki ba da, ke za ki karɓa. In Ticha ya yi gardama ki aiko mini." Ta yi dariya har tana rufe baki da gefen mayafi, ta sa masa albarka, ta cika masa jaka da gyaɗa. Na yi masa zancen ladan aiki, ya ce in na sake faɗa zai kwance abinsa ya tafi da shi.

Haka muka zauna. Da yamma sai an gama girki, an ɗebi ruwa, matata ta shigo ɗakina ta zauna, sannan Inna ta sauko da waya ta miƙo mini. In an tashi ita take fara fita, ta zare, ta naɗe, ta rataye, sannan kowa ya motsa. Tsohuwar da take cewa garmaho kayan 'yan iska ne, sai ga ta ita ce mai tuna mini lokacin gaishe-gaishe a rediyo ya yi. Ranar wata Juma'a bayan an girbe gero matata ta sauka, mace, lafiyayya, kukanta har zaure. Inna ba ta ce ai ga shi nan ba, ni ma ban ce komai ba.

Bayan arba'in Inna ta koma ƙauye, mu kuma muka saki jiki. Waya takan wuni a shimfiɗe ba mai naɗewa. Sai da yarinyar ta kai wata goma, tana rarrafe kamar an kunna ta, Inna ta sake zuwa ganinmu. Da yamma muna ɗaki, faifai yana juyawa, ina gaya wa Inna labarin makaranta, matata ta leƙa murhu. Kiɗa ya ɗauke ɗif. Na waiwaya. Yarinyar tana zaune a ƙarƙashin dogon teburin, daidai saitin akwatin, ta kama waya ta ja da nufin miƙewa tsaye, waya ta saki ta faɗa zaune. Baƙin kan yana cikin tafin hannunta, ta damƙe shi tana kaɗawa tana dariya, ga janareta tana ta ruri a maƙwabta.

A zaune nake ina ganin abu biyu da ba su faru ba, akwatin nan yana rikitowa a kanta, da haƙoran fulogina a cikin wannan ɗan hannun. Inna ce ta tashi, da ciwon gwiwarta, ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta saɓa jikarta a kafaɗa. Ta naɗe waya a gwiwar hannu kamar yadda Kofur ya koya mata, ta kai zaure ta rataye. Da ta dawo ta kira sunana ta ce, "Gobe ka kama zakaran nan ka kai wa abokinka."

Na kai. Ya saurari labarin, sannan ya ce, "Mun gode Allah. Amma zakaran na Inna ne. Ni da ba ta tayar da rigima ba, ina zan san kana da maciji a ɗaki?"

Har yau ban yarda cewa tsallake igiya yana naɗe cibiya ba, kuma Inna ba ta taɓa neman in yarda ba. Abin da na sani shi ne, na tsaya ina gardama a kan ko waya igiya ce, ita kuwa tsoron kada a rasa ɗa take yi, kuma a gidan nan ita kaɗai ce ta kalli wayar ta ga abin tsoro. Ina gode wa Allah da Ya ba ni uwa mai taurin kai a inda ya dace, da abokin da bai ji nauyin buge mini hannu ba. Dukansu sun riga mu gidan gaskiya. Yarinyar da ta ja waya yanzu tana da jikoki, kuma duk sanda na ga tana zare wayar wani abu daga jikinsa tana naɗewa, sai in ji zuciyata ta cika.

Garmahon ya daɗe da mutuwa, ban ma san inda katakonsa ya ƙare ba. Abin da ya rage mini shi ne muryar Inna tana kiran sunana daga tsakar gida. Kafin wannan rigimar, in ta kira nakan amsa daga inda nake. Bayan na san dalilin da ya sa take iya faɗinsa, ban ƙara amsawa daga zaune ba, tasowa nake yi in zo.